Bayan Ƙararrawar Tashi: Ina Ƙungiyoyin Ɗalibai Suka Shiga A Sakandaren Ƙauye?

A yawancin makarantun sakandaren gwamnati na jeka-ka-dawo da ke karkarar Arewa, kafin ƙarfe biyu na rana an buga ƙararrawar tashi. Ƙararrawar ma sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya, ɗalibi ya ɗauki guntun rodi ya kwaɗa masa. Ba a rufa kwata guda ba harabar ta yi wayam. Malamai sun tada baburansu sun nufi hedikwatar ƙaramar hukuma ko babban gari inda iyalansu suke, ɗalibai sun bazu a burtali da hanyoyin ƙafa, wasu da tafiyar sa'a guda a gabansu cikin rana. Daga nan har wayewar gari makaranta ta zama ta maigadi da tumakin gari masu kiwo a filin ƙwallo.

Wanda ya yi sakandare a shekarun 1970 ko 1980 ya san a daidai wannan lokaci ne rabin rayuwar makaranta ke somawa. A ci abinci, a ɗan miƙe haƙarƙari, a yi la'asar, sai kowa ya nufi inda sunansa yake. Masu ƙwallo da guje-guje su yi fili, matasan manoma su saɓi fartanya su yi gonar makaranta, 'yan muhawara su shige wani aji suna gwada murya, 'yan sikawut da kadet suna can suna fareti. Har yau idan ka shiga ofishin firinsifal za ka tarar da sunayen waɗannan ƙungiyoyi a kwali manne da bango, kowace da sunan malamin da aka ce shi ne ubanta. Idan sufeto ya zo daga ofishin shiyya, kwalin ake nuna masa. Amma ka tsare ɗan aji biyar ka tambaye shi yaushe rabon ƙungiyarsu da zama, sai ya tsaya tunani.

Ana yawan maganar rufin azuzuwa da iska ta yaye, da ƙarancin kujeru, da malaman lissafi da babu su, kuma duk gaskiya ne. Wannan asara ta yamma ce ba a cika ambata ba, alhali ɗan ƙauye ta fi yi wa illa. Yaron birni idan makaranta ba ta ba shi ba yana iya samu a wani wuri: akwai kulob ɗin ƙwallo a unguwa, akwai shagon kwamfuta, akwai gidan rediyo mai shirin yara, akwai yayansa da ke jami'a. Ɗan ƙauye kuwa makarantar nan ce kaɗai wurin da zai riƙe makirufo, ya tsaya gaban mutum ɗari ya kare ra'ayinsa, ya riƙe kuɗin ƙungiya ya ba da lissafi, ko ya shiga mota ya je wani gari da sunan wakiltar garinsu. Idan wannan ƙofar ta rufu, ba shi da wata.

Daga makarantar kwana zuwa jeka-ka-dawo

Tun farkon karatun boko a Arewa ba a raba aji da fili ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949 inda daga baya ta zama Barewa, ta riƙi wasanni kusan kamar yadda ta riƙi darasi. A wannan kwaleji, tun tana Katsina, Ahmadu Bello ya ƙware a wasan faibs, na dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, kuma har ya zama Firimiya bai daina ba. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo, da ya zama malami a Midil ta Bauci kuma ya riƙa bi ta bakin 'yan wasa yana faɗin abin da ba ya faɗuwa a fada. Mutanen da daga baya suka je Legas da Landan suka yi magana da yawun Arewa, a irin waɗannan zaurukan suka fara koyon tsayuwa gaban jama'a.

Ƙungiyoyin da muka sani kuma kowace da tarihinta. Ta ɗalibai Musulmi, MSS, an kafa ta a Legas a 1954, ta shiga kusan kowace sakandare. Takwararta ta ɗalibai Kirista, FCS, a Gindiri ta Filato aka haife ta a 1957. Horon Man O' War ya faro a 1951 a gaɓar tekun Kamaru, yau yana da sansani a duwatsun Shere kusa da Jos. Noman makaranta ya samu ƙarfi a zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, daga baya kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta zo da JETS, ƙungiyar yara masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere.

Zaman makaranta a karkara bai taɓa zama cikas ba. A 1977 gwamnatin Kano ta zaɓi garuruwa biyu da ke wajen birni, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta kafa makarantun kimiyya na musamman a cikinsu, kuma ɗimbin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa daga can suka fito. Sirrin irin waɗannan makarantu a bayyane yake: ɗalibi yana kwana a ciki, malami ma gidansa yana ciki. Malamin kimiyya da ya gama darasi da rana, da yamma yana iya takowa daga kwatas ya ga abin da yara ke haɗawa.

Sai shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya zo a 1976 ya cika azuzuwa da yara. Bayan shekara shida suka zo ƙofar sakandare, a daidai lokacin da kuɗin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu. Ciyar da ɗalibi da kwantar da shi ya fi ƙarfin jihohi, aka koma gina jeka-ka-dawo. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, ya ƙara kai ƙaramar sakandare lungu-lungu. Wannan alheri ne babba, don ɗan talakan da da ba zai taɓa ganin sakandare ba ya same ta a bakin garinsu. Abin da ya faru kawai shi ne an ɗauko tsarin makarantar kwana an yanke shi biyu, aka kai na safe ƙauye, na yamma aka bar shi a baya, kuma ba wanda ya zauna ya tsara abin da zai maye gurbinsa.

Ranar intahaus

Duk da haka akwai rana ɗaya a shekara da makarantar ƙauye ke nuna abin da za ta iya, idan firinsifal mai zuciya ne. Ita ce ranar gasar gida-gida da ɗalibai ke kira intahaus. Tun ana saura mako yara ke share fili, su ja layukan tsere da toka ko baƙin mai, a aro rumfuna da kujeru daga sakatariya ko wurin masu haya. Gidaje huɗu, kowane da launinsa, kowane ya nemo wani mai hali a gari ya ce shi ne ubansa, ya saya musu riguna ko ya ba da kuɗin zoɓo da fiya-wata. Ranar taro dagaci ya zo da fadawansa, hakimi ya aiko wakili, masu rake da gyaɗa da ƙosan rogo su kewaye fili, tsofaffin da ba su taɓa taka harabar ba su shimfiɗa buzu a inuwa.

Na ga irin wannan rana a wata makaranta da ba ta da ko katanga. Samari suna tseren mita ɗari ba takalmi, ƙasa na tashi a bayansu. 'Yan mata da hijabi da dogon wando suna tseren miƙa sanda, sandar kuwa guntun rake ce da aka fere. Aka yi tseren buhu, aka yi jan igiya tsakanin malamai da iyaye, fili ya kaure da shewa. Amma inda gari ya tashi tsaye gaba ɗaya shi ne da aka zo langa. Kowa ya san dokarta, kowane dattijo ya yi ta yana yaro, har wani tsoho ya miƙe yana nuna wa jikansa yadda ake kare ruwa. Kyaututtukan bokitin roba ne da sabulu da littafin rubutu, amma yaron da aka kira sunansa a lasifika ya fito ya durƙusa gaban dagaci ya karɓa, wannan ranar ba za ta bar ransa ba.

Abin da ke damuna shi ne washegari. Yaron da ya tsere wa kowa da tazara mai nisa, ba a auna gudunsa da agogo ba, ba a rubuta a ko'ina ba, ba wata gasa ta gaba da za a kai shi. Akwai hukumar wasannin makarantu ta ƙasa, akwai gasanni masu suna da kamfanoni ke ɗaukar nauyi, amma mafi yawan makarantun da ke zuwa na birane ne, don su ke jin labari kuma su ke da motar zuwa. Langa da kokawa da dambe kansu sun shiga cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, ga gwanayensu a makarantun ƙauye, babu mai zuwa dubawa.

Ba kuma rashin sanin yadda ake yi ba ne. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986, daga ƙaramar hukuma take farawa, a hau jiha, a hau ƙasa, kuma a kan ga yara daga ƙananan garuruwa sun kai har matakin duniya. Al'ummar da ta iya riƙe wannan tsani shekara da shekaru, tana iya kafa irinsa ga gudu da muhawara da kacici-kacici. Wasan farko ma ba ya buƙatar mota: makarantu uku ko huɗu na gunduma ɗaya su haɗu a wadda ke tsakiya.

Gonar da aka mayar wurin horo

Idan akwai abin da makarantar ƙauye ta fi ta birni, fili ne. Lokacin da gari ya ba da wurin gina makaranta, yakan ba da shi a yalwace. Yau a wurare da yawa filin ya koma gonar ma'aikata, ko maƙwabta suna ta ci daga gefe, ko kuma ya zama wurin da ake kai wanda ya makara ya yi sassabe. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓarna. Yaron da aka saba kai shi gona a matsayin horo, ka ce masa ya shiga ƙungiyar matasan manoma, dole ya gudu.

Akwai kuma kuskuren ɗauka cewa aikin ƙungiyar shi ne koya wa yaro riƙe fartanya. Yaron da tun yana ɗan shekara bakwai yake bin mahaifinsa gona, wa zai koya masa huɗa? Abin da ba shi da shi a gida shi ne damar gwaji. Mahaifinsa ba zai yi kasada da abincin shekara ba don a gwada sabon iri, amma gonar makaranta tana iya yi. A raba kadada biyu, gefe ɗaya a shuka irin gida, ɗaya a shuka ingantaccen iri na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, irin masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA ko gyaɗar SAMNUT. A ja igiya a daidaita tazara. Wata kunya a watsa taki, wata a binne shi. Kowane mako yara su zagaya da littafi su rubuta abin da suka gani: ina ƙuduji ya fi fitowa, wace kunya tsutsar masarar nan da ta shigo ƙasar a 2016 ta fi kamawa. Da kaka a auna amfani da mudu da buhu, a cire kuɗin iri da taki da magani, a ga abin da ya rage. A zuba wake a buhu mai ruɓi uku da ke hana ƙwaro ba tare da guba ba, a zuba wani a buhun da aka saba, a buɗe bayan wata huɗu gaban kowa. A wannan aiki ɗaya yaro ya yi lissafi, ya yi kimiyya, ya yi kasuwanci, kuma magidantan da ke wucewa ta gefen gonar su ma suna karatu, don manomi abin da ya gani da ido yake yarda da shi.

Tsohuwar matsalar gonar makaranta ita ce kalanda. A yi shuka a Yuni, a shiga jarrabawa a Yuli, a tafi dogon hutu a Agusta lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi. A makarantar kwana yara sukan dawo su tarar gona ta zama daji. A nan ne jeka-ka-dawo ta fi, domin ɗalibanta suna nan a gari duk hutun. Jadawalin mutum biyar-biyar sau biyu a mako ya isa, muddin sun san idan an sayar da amfani za su ga inda kuɗin ya shiga. Harawar wake da ta gyaɗa kuma a ɗaure ta a turke raguna biyu zuwa Babbar Sallah. A manhajar 2011 an sa darussan sana'a a babbar sakandare, har da kiwon dabbobi da na kifi, amma a makarantu da yawa a allo ake zana ragon. Malaman gona na hukumomin jiha irin su KNARDA a Kano suna zagaya ƙauyuka, babu abin da zai hana makaranta ta zama ɗaya daga wuraren tsayawarsu. Ribar gona ɗaya mai kyau tana sayen ƙwallo da raga da riguna, har a samu na motar zuwa muhawara.

Sharaɗin kawai shi ne kuɗin ya kasance a hannun ɗalibai, da ma'aji da magatakarda daga cikinsu, a karanta lissafi a asambili. Da zarar yara sun ga sun yi noma wani ya kwashe, magana ta ƙare.

Bakin da ya buɗe

Muhawara ita ce ƙungiyar da ba ta cin ko kwabo, kuma ita ce aka fi ɓatawa. Yadda aka saba, malami ya rubuta jawabi da Turanci, yarinya ta haddace, ta fito ta gaida shugaban zama da alƙalai da mai lura da lokaci, ta kama zubowa. Idan layi ɗaya ya ɓace mata sai ta tsaya cak, aji ya fashe da dariya, daga ranar ba ta ƙara fitowa. Taken ma shekara da shekaru ɗaya ne, likita da malami wa ya fi amfani. Amma ka ba wannan yarinyar take da Hausa a kan abin da ta sani, ka ce noman rani da tafiya ci-rani wanne ya fi wa saurayi, ko talla tana hana karatu ko tana biyan kuɗinsa, sai ka ji hujja a kan hujja, da misali daga gidansu, da raddi nan take. Turanci dole ne, don da shi za ta rubuta WAEC da NECO, kuma muhawara na daga hanyoyin da suka fi saurin sake harshe. Sai dai tunani ake fara koyo kafin a sauya masa harshe. Mako ɗaya a yi da Hausa, mako na gaba a maimaita taken da Turanci, yaro ya zo da hujjojin da ya riga ya mallaka.

Kusa da ita akwai 'yan jaridar makaranta, masu sauraron rediyo su tsamo labarai su karanta a asambili ranar Litinin. Idan aka ƙara musu da labarin gari, farashin hatsi a kasuwar mako, rijiyar da ta lalace, ranar rigakafi, sun fara aikin jarida na gaske ke nan. Wasan kwaikwayo kuwa ba sai an tuna wa kowa ba cewa masana'antar finafinan Hausa daga ƙungiyoyin dirama ta tsiro, irin su Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990. Wasa ɗaya a ƙofar fada kan shaye-shaye ko awon ciki yakan isar da abin da lacca goma ba ta isar ba.

Kwamfuta ita ce mai tsada, kuma ita ce ba ta jira. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta. Akwai ɗaliban ƙauye da ranar jarrabawar ce rana ta farko da suke ɗora hannu a kan na'urar, su ɓata mintuna masu daraja suna neman inda za su danna. Kwamfuta biyar da faifan sola ɗaya, da ɗan bautar ƙasa mai haƙuri, sun isa kowane ɗan aji shida ya saba kafin ranar.

'Yan mata, da tsoron hanya

Duk abin da aka faɗa ya fi wuya a kan 'ya mace. Da ta dawo gida ɗebo ruwa na jiranta, ko farantin talla, ko ƙannen da za ta riƙe. Uba kuma yana da hujja idan ya ƙi yarda 'yarsa ta zauna a makaranta har yamma alhali babu malama ko ɗaya a cikin ma'aikata, wanda haka abin yake a ƙauyuka da dama. An gwada hanyar da ta yi aiki. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta daɗe tana tara 'yan matan ƙauyuka rukuni-rukuni a wurin da iyaye suka aminta da shi, ƙarƙashin mace mai kula da su, su ƙarfafa karatu da lissafi, su tattauna lafiya da sana'a da yadda ake magana da manya a kan buƙata. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 ga jihohi 7, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, aka ƙara masa dala miliyan 700 a 2023, shi ma ya sa irin wannan zama a cikin makarantu. Kuɗin rance ne, kuma shiri yana da ranar ƙarewa. Jihar da ba ta fara tunanin wa zai biya waɗannan mata masu kula ba bayan an naɗe tabarmar shirin, to ta shirya ganin ƙungiyoyin sun koma kwalin bango kamar na baya.

Sai babbar magana, ta tsaro. Daga Chibok a 2014 zuwa Dafci a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, an rufe makarantun kwana da yawa na karkara, wasu aka mayar da su jeka-ka-dawo. Su ma na jeka-ka-dawon ba su tsira ba: an kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun a Satumban 2021, an kwasa a Kuriga ta Kaduna ranar 7 ga Maris 2024. A irin waɗannan yankuna babu mai hankalin da zai ce wa uwa ta bar ɗanta a makaranta har rana ta yi sanyi. Amma yaran da suka taso cikin fargaba su suka fi kowa buƙatar wasa da dariya da abin da zai haɗa su, kuma ana iya shigar da sa'ar ƙungiya cikin lokacin safe. Ga kuma ɗaruruwan makarantu a yankunan da Allah ya ba zaman lafiya, inda ba tsoro ne ya kashe ƙungiyoyin ba, sakaci ne.

Malami, lokaci, da ɗan abin kashewa

Ba daidai ba ne a ɗora wa malamin ƙauye laifi. Gidajen malamai a makarantu da yawa sun rushe ko ba a taɓa gina su ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa ya cinye kaso mai tsoka na albashi, har wasu sun koma karo-karo a babur ɗaya, idan mai babur ya tashi dole kowa ya tashi. Wanda ya tsaya ya horar da yara ba a ƙara masa sisi, ba ya shiga takardar ƙarin girma. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne ke farfaɗo da ƙungiya, shekara ta cika ya tafi, ta sake kwanciya.

Kuɗi ma haka. Kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da doka ta ware wa ilimin bai-ɗaya iyakarsa aji uku na ƙaramar sakandare, babbar sakandare kuwa tana wuyan jiha. A jihohin da aka ce ilimi kyauta ne an hana karɓar kuɗi daga ɗalibai, abu mai kyau, amma ɗan kuɗin wasanni da ake karɓa a da ba a maye gurbinsa da komai ba. Firinsifal da ke neman na alli ba zai sayi ƙwallo ba.

Lokaci kuwa yana nan idan an duba yadda gari ke rayuwa. Bayan la'asar na Islamiyya ne, kuma babu dalilin yin karo da ita. Amma Alhamis da Juma'a ranakun hutun makarantun allo ne da Islamiyyu da yawa, don haka yammacin Alhamis a sake yake. Sa'a biyu a wannan rana, a rubuce cikin jadawalin da ma'aikatar ilimi ta sa wa hannu, da ɗan alawus na mai ga malaman da suka tsaya, da maki a takardar ƙarin girmansu, da wani ƙayyadadden kuɗi kowane zango da kwamitin kula da makaranta zai sa ido a kai. Tsohon soja a gari yana iya koyar da fareti, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta riƙe 'yan agajin gaggawa, tsohon ɗan kokawa ya riƙe fili. Duk wannan bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba.

Gwamnoni da kwamishinoni suna da nasu, amma kada a jira su. Kusan kowace makarantar ƙauye ta yaye mutanen da yau suke ma'aikata da 'yan kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja, kuma da yawansu suna da zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Idan kana cikinsu, da ka je gida Sallah ka ratsa makarantar, ka nemi firinsifal, ka tambaye shi wace ƙungiya ce ke da rai kuma wane malami ne ke riƙe da ita. Ku ɗauki guda ɗaya, ku biya wa malamin kuɗin mai na shekara, ku sa kofi da sunan ajinku, sannan ku dawo ranar gasa ku zauna a rumfa yaran su gan ku.